Idan mahaifi ya rasu a Ingila: ku nemi takardar wasiyya kafin a taɓa gado

A gida ba a cika shan wahala wajen sanin wasiyyar mamaci ba. Ko ya faɗa wa ƙaninsa, ko amininsa, ko limamin unguwa. Bayan sadakar bakwai ko ta arba'in a kira malami, a biya bashi, a fitar da wasiyya muddin ba ta wuce sulusi ba, a raba saura. Ingila da Wales ba su san wannan hanya ba. Dokarsu ta wasiyya tun ta 1837 ce, kuma sharaɗinta shi ne a rubuta, mai wasiyyar ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa nasu. "Baba ya ce gidan na Hajiya ne" ba hujja ba ce, ko mutum goma suka ji da kunnensu. Scotland kuwa tata dokar daban, abin da ke nan bai shafe ta ba.

Kada ku ce ai da Baba ya rubuta da ya gaya mana. Dattawanmu da suka daɗe a nan da yawa sun rubuta ne lokacin sayen gida, lauya ya ba su shawara suka sa hannu, suka ja bakinsu suka yi shiru, don maganar mutuwa da 'ya'ya akwai nauyi.

Da farko a yi rajistar rasuwar, wadda doka ta ba kwana 5, a karɓi takardar shaidar mutuwa fiye da kwafi ɗaya, domin duk ƙofar da za ku ƙwanƙwasa sai an tambaye ta. Sannan a duba gida: jakar da fasfo yake, takardun gida, wasiƙun lauyoyi. Wasiƙa ɗaya mai sunan ofishin lauya ta isa ta buɗe muku hanya, tunda galibi asalin takardar tana wurinsu, kwafi ne a gida. Idan ofishin ya rufe, a tambayi Solicitors Regulation Authority, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, ita za ta faɗi inda takardunsa suka koma. A tambayi bankinsa. A tambayi ofishin gado na kotu, wanda shi ma yana karɓar ajiyar wasiyya. Akwai kuma National Will Register, inda ake biya a bincika, sai dai yin rajista a can ba dole ba ne, saboda haka rashin ganin suna bai nuna babu wasiyya ba.

In kun same ta, kada a cire ko ƙusar da ta haɗa shafukan, kada a yi rubutu a kai. Kotu asalin take so, kuma ramin ƙusa kaɗai kan sa ta tambayi ko an zare wani shafi. A duba kwanan wata: a nan sabon aure yana rushe wasiyyar da aka rubuta kafinsa, sai in an rubuta ta ne da niyyar wannan auren.

Wani lokaci takardar tana hannun ɗan uwa ne ya ƙi nunawa. Da zarar kotu ta ba shi izinin raba gadon, wasiyyar ta zama ta kowa, ana neman kwafinta a shafin GOV.UK. Kafin nan kuna iya biyan kuɗi kaɗan kotu ta riƙe sunan mamacin wata 6, ta aiko muku kwafi idan izinin ya fito.

Abin da ya sa nake matsa wa mutane su yi wannan binciken shi ne abin da ke biyo baya idan babu wasiyya. Matar aure ta doka za ta ɗauki kayan amfaninsa, da fam 322,000 na farko, da rabin saura. Ɗaya rabin 'ya'ya su raba daidai, mace da namiji. Iyayen mamacin ba su da komai muddin akwai mata ko 'ya'ya. Matar da aka ɗaura aurenta a masallaci a nan Ingila ba tare da rajista ba, tana iya tashi a tutar babu. Magada baligai da suka yarda suna iya sa hannu a takardar sauya rabo a bi ƙa'idar Musulunci, an fi so cikin shekara 2 saboda haraji, amma ba a tilasta wa kowa, kuma kason ƙaramin yaro ba ya raguwa sai da yardar kotu.

Gida ko gona da ke Kano ko Zinder, dokar can ce ke hukunci a kansu. Ku sa wani babba ya tambayi lauyan da Baba ke hulɗa da shi, ya kuma leƙa sashen gado na babbar kotun jiha idan a Najeriya ne, don wasu kan rubuta biyu, ɗaya nan ɗaya can. Idan aka samu biyun, a kai wa lauya ya karanta su tare, saboda ta baya tana iya soke ta farko ba tare da Baba ya nufi haka ba.