Mangwaron gidanka sai ganye ba 'ya'ya? Ga abin yi

Yawancin mangwaron da ke ƙin haihuwa a cikin gida ba ciwo ne da shi ba, gata ne ya yi masa yawa. Ruwan wanka da na wanke-wanke kullum a gindinsa suke ƙarewa, ga kashin kaji ana ta zuba masa, wani ma har takin zamani na Urea yake ƙara masa wai don ya yi sauri, toh itacen da yake samun wannan me zai sa ya damu da fure? Sai ya yi ta fitar da sabon ganye jajaja kana murna, alhali ganyen ne ke cinye ƙarfin.

Amma kafin komai, ka san irin itacen da ke gabanka. In mai aure ne, wato wanda aka ɗora wa reshen wani mangwaron, shekara 3 zuwa 4 ya kamata ya fara. In ƙwallo aka sha aka binne, zai iya kai shekara 6 zuwa 8 ko fiye, wannan haƙuri ne maganinsa, ko ka nemo wanda ya iya yi wa itace aure ya ɗora masa reshen mangwaro irin Julie ko Peter.

Mangwaro a wajenmu da hunturu yake fure, Disamba zuwa Fabrairu, kuma abu biyu ke tada shi: ƙishi da sanyin dare. Sanyi ba a hannunka yake ba, ƙishin ne naka. Da damina ta ɗauke wajen Oktoba ka daina ba shi ruwa kwata-kwata kamar wata biyu, ka juya makwararar ta bi wani wajen, a faɗa wa yara da masu wanki su daina sheƙa masa ruwa. Ganyen zai yi duhu ya yi tauri, kan reshen ya tsaya cak ya kumbura, wannan shi ake nema, kar tausayi ya kama ka. Babban itace nake nufi fa, ɗan dashe kam in ka yi masa haka bushewa zai yi. Sai 'ya'ya sun ɗauru sun kai kamar ƙwayar wake sannan ka dawo da ban ruwa, sau ɗaya a sati amma ya jiƙu sosai, in ba haka ba zafin Maris zai kakkaɓe su.

Sassabe kuma bayan an gama cire 'ya'ya ake yi, da farkon damina. A bakin reshe furen yake fita, so in ka sare rassan a Nuwamba furen bana ka sare. Ka rage na tsakiya rana ta shiga, ka cire busassu. Lokacin ne ma na taki, NPK 15-15-15 ko ruɓaɓɓen takin gida, a zagaye daidai inda inuwarsa ta tsaya, ba a jikin gindi ba, saiwar da ke ci tana can. 'Yar tokar murhu ma tana taimakawa.

In fure ya fito ka daina fesa masa maganin ƙwari. Ƙudajen nan da ke damunka a kan furen su da ƙudan zuma ne ke yin barbarar. Kuma kar hankalinka ya tashi in ka ga ƙasa ta cika da fure da ƙananan 'ya'ya, a zangarniya guda ɗaya ko biyu ne ke kai labari. Wanda ya cika maƙil bara kuma yakan yi sanyi bana, halinsa ne.

Masu buga ƙusa ko sassara gindi da adda, ni ban ba da shawara ba, rauni ne da ke buɗe wa gara da ruɓa ƙofa.

Lemo ma yana son ɗan ƙishi, sati uku zuwa huɗu sai ka ba shi ruwa da yawa, fure ya ɓarke. Gwaba a sabon tsiro take haihuwa, ita rage mata rassa shi ke tada ta. Gwanda kuwa ka duba furen, in dogo ne yana reto a kan siririn tsinke namiji ne, ka bar guda ɗaya saboda matan, sauran ka cire ka sa wasu.