Yadda Mai Ƙarancin Lokaci Zai Tsara Atisayen Keke da Abincinsa a Sakkwato

Yawancin sababbin mahaya keke da nake gani a hanyar Wamakko da ta Boɗinga ma'aikata ne da 'yan kasuwa, waɗanda ba sa samun fiye da awa 6 a mako. Ganin lokacin ba shi da yawa, sai su mai da kowace fita tsere, kuma ba tare da sun karya ba. Kafin wata ya zagayo jiki ya mutu, an jingine keke a zaure.

Da farko ka ware kwana 2 kawai don aiki mai tsanani, kuma kada su biyo juna, misali Talata da Alhamis. Ka ɗumama jiki minti 15, sannan ka taka da ƙarfi minti 8, ka sassauta minti 4, har sau 4. Doguwar tafiya ta Asabar kuwa a hankali ake yinta, yadda za ka iya hira da abokin tafiyarka ba tare da haki ba. Ka fita da an idar da sallar asuba, domin a Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40.

Wurin abinci ne aka fi faɗuwa. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa bayan kimanin minti 90 na aiki tuƙuru, kuma idan ya ƙare, jiri da rawar ƙafa ne ke biyo baya, komai ƙwazon mutum. Saboda haka duk tafiyar da za ta wuce haka tana bukatar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Ƙaramin dabino yana da kamar giram 5, ayaba kuma kamar 25, wato dabino 8 ko ayaba 2 sun ishe ka awa guda. Ka sha koko kafin ka fita, ka fara cin dabinon tun a rabin awar farko, kada ka jira yunwa, domin a lokacin da ta zo an riga an makara. Ban ga dalilin sayen 'yan fakitin sukari na ƙasashen waje masu tsada ba, alhali dabino na nan tuli a kasuwa. Ruwa kuma aƙalla leda ɗaya ta fiya wata, rabin lita ke nan, a kowace awa, da ɗan gishiri a gorarka idan bazara ce.

Da ka sauka, ka sha fura da nono, ka haɗa da ƙwai ko ƙosai. Ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa. Idan ya haura yadda ka saba kwana 2 a jere, ka huta. Kowane mako na 4 ka rage aikin da rabi, da azumi kuma ka mayar da mai tsananin bayan buɗa baki.