Yadda za ki fara aikin nas a asibiti bayan kin gama makaranta

Ƙanwata barka da gama makaranta, Allah ya sa albarka. Ku ma maza da kuka karanci jinya maganar nan har da ku.

Fara da takardu. Kafin ki taɓa mara lafiya da sunan nas sai kin yi rajista da NMCN, wato hukumar kula da aikin nas da ungozoma ta Najeriya, kin karɓi lasisi, kuma duk shekara 3 ake sabunta shi, sai kin yi kwas ɗin ƙara ilimi na dole da ake kira MCPDP kafin a sabunta miki, toh ki rubuta ranar ƙarewar lasisin inda ba za ki manta ba. In digiri kika yi akwai horon shekara ɗaya a asibiti kafin bautar ƙasa. Sannan ki je a miki rigakafin ciwon hanta nau'in B tun kafin ki fara duti, allura 3 ce, ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta ƙarshe a wata na 6. Da yawa sai su yi ɗaya su watsar, don Allah ki cika.

A aljihunki kuma: agogo mai sakan, biro ja da shuɗi, ɗan littafi, almakashi da tocila saboda ɗauke wuta. Takalmi mai rufaffen gaba, hijabi gajere wanda ba zai faɗa cikin ciwon mutum ba in kin sunkuya.

Satin farko ki koyi ɗakin da aka kai ki. Ina tukunyar oksijin take, cike take ko wayam, ina tiren kayan gaggawa, ina na'urar zuƙo majina, wa ke riƙe makullin magungunan da ake kullewa, wane likita ake kira da dare. Ranar da wani zai fara shiɗewa ba lokacin neman waɗannan ba ne. Ki gaida kowa har masu shara da masu tura gado, wasunsu sun fi shekara ashirin a ɗakin, sun san inda komai yake kuma su ne za su ruga miki ɗakin gwaji ƙarfe uku na dare.

Sai karɓar aiki. Ki zo da wuri ko da minti 15 ne, kuma kar ki yarda a miƙa miki marasa lafiya a kan tebur ana cewa "duk lafiya lau suke". Ku bi gado gado, ki ga mutum da idonki, ki duba ruwan da aka ɗaura masa yana tafiya ko ya tsaya, hannun ya kumbura ko a'a, wa ke jiran jini, wa aka hana abinci saboda tiyata. Da zarar wadda ta miƙa miki aiki ta fita ƙofa amanar ta koma wuyanki.

Awon da za ki riƙa yi kullum ki yi shi tsakani da Allah. Ga babba, bugun jini 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen 36.5 zuwa 37.5. Numfashi shi aka fi yi wa ha'inci, sai mutum ya rubuta 20 daga sama har ƙasa bai ƙirga ko ɗaya ba, alhali sau da yawa shi ne yake fara canzawa in mara lafiya zai rikice. Ki tsaya ki ƙirga na minti guda cur. In kin ga abin da bai miki ba ki faɗa wa babbar ɗakin nan take, ko da daga baya za a ce ba komai.

Yanzu ga inda na fi so ki nutsu, wato magani. Mu an raine mu da kunya da kawaici, babba yana magana ba ka ce masa maimaita ba, kuma tarbiyya ce mai kyau a gida, amma a gaban tiren magani kunyar nan tana iya kashe rai wlh. Rubutun likita bai fito ba? ki kira shi ki ce "Dakta don Allah me ka rubuta a nan", ko ya ɗaure fuska ki tambaya. Maganin da ba ki sani ba ki ce wa sista "Anti ban taɓa ba da wannan ba, ki tsaya min". Kowane magani ki tabbatar da abu biyar: mutumin ne, maganin ne, adadin ne, hanyar ce, lokacin ne. A ɗaki ɗaya za ki iya samun Aisha uku ko Muhammad huɗu, don haka ki haɗa da lambar fayil, kar ki dogara da lambar gado don ana canza wa mutane gado. Ki tambayi ko wani magani ya taɓa yi masa illa. Na yara da nauyinsu ake lissafi, ki sa wata ta sake duba lissafinki. Maganin potassium chloride ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, sai an sirka a cikin ruwa, in ba haka ba yana tsayar da zuciya. Allurar da wani ya zuƙa ya ajiye ba suna a jiki kar ki yi ta. Lissafin ɗigon ruwa kuma ki haddace: yawan ruwan a ml sau ɗigon robar ƙarin ruwan (wato ɗigo nawa ke yin ml ɗaya), a raba da mintuna. Leda mai ml 500 a awa 8 da roba mai ɗigo 20, kusan ɗigo 21 kenan a minti. Ƙarin jini kuwa ku biyu za ku duba leda da fayil, kuma minti 15 na farko kina kusa da gadon.

Duk abin da kika yi ki rubuta a lokacin, da ƙarfe nawa da sa hannunki. Kar ki sa hannu a maganin da ba ki riga kin bayar ba. In kin yi kuskure ki faɗa da wuri tun ana iya gyarawa.

Masu jinya fa sai haƙuri, wasu sun sayar da akuya ko buhun masara kafin su iso gabanki. Ki ce "Baba ya mai jiki", "Mama sannu da ƙoƙari", ki yi musu bayani da Hausar da za su gane. Sau da yawa akwai jiƙo ko rubutu a ƙarƙashin gado, in kika fara da faɗa ɓoyewa za su yi, in kika tambaya a hankali za su nuna miki sai ki sanar da likita. Kuma hoton mara lafiya ko labarinsa bai da wuri a WhatsApp ko TikTok ɗinki, ko ƙawarki ta ce maƙociyarta ce ki yi shiru.

Ki kare kanki. Zazzaɓin Lassa da aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya ne farkon waɗanda aka san ya kashe. Safar hannu, takunkumi, wanke hannu kafin da bayan kowane mutum, kuma kar ki mayar wa allura murfi bayan kin yi amfani da ita. A watannina na farko allura ta soke ni a dutin dare, tsoro ya sa na yi shiru har gari ya waye, da metiron, wato shugabar nas-nas, ta ji da kanta ta kama hannuna ta kai ni aka yi gwaji. In ya same ki, ki wanke da sabulu da ruwa ki faɗa a take, maganin kariya daga HIV ana so a fara shi cikin awa 72, da wuri ya fi, kuma kwana 28 ake sha.

Dutin dare na farko ki yi barci da rana, ki tafi da abinci da ruwa. Ranar da mara lafiyarki na farko zai rasu kuma, ki kira likita ya tabbatar, ki rubuta lokaci, ki ja labule, ki rufe shi da mutunci, ki yi wa 'yan uwansa ta'aziyya. In kuka ya zo miki ki shiga ɗakin canza kaya ki yi, ki wanke fuska, sannan ki samu wata sista da kika yarda da ita ku yi maganar kafin ki tafi gida.