Yadda za ka karanta haruffan Girka a jami'o'in Amurka, ka kuma auna ƙungiya kafin ka shiga

A manyan jami'o'in Amurka za ka ga gidaje jere da haruffa biyu ko uku a goshinsu, kamar ΣΧ ko ΑΦΑ, da ɗalibai sanye da riguna masu irin wannan rubutu. Ƙungiyoyin ɗalibai ne. Ta maza ana ce mata furataniti, ta mata kuma sororiti, kuma duka kalmomin daga Latin suka fito, ma'anarsu ɗan'uwa da 'yar'uwa. Haruffan kaɗai aka aro daga Girka. Tsarin kansa Amurkawa ne suka ƙirƙira shi a zamanin da ake karatun Girkanci da Latin a kowace kwaleji, lokacin da take da Girkanci ke nuna ilimi ya kuma ɓoye ma'ana ga bare.

Fara da haruffan, guda 24 ne. Girkawa sun karɓe su daga Finikiyawa wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, suka mai da wasu baƙaƙen da harshensu bai buƙata suka zama wasula. Wanda ya san lissafin abajada ya riga ya yi nisa, domin alfa, beta, gamma, delta 'yan gida ɗaya ne da alif, ba, jim, dal. Jerin da ake amfani da shi yau na yankin Iyoniya ne, wanda birnin Atina ya ɗauka a hukumance a shekarar 403 kafin haihuwar Annabi Isa.

Kada ka haddace su a jere, ka raba su gida uku. Goma sun yi kama da na boko a siffa da sauti: Α Β Ε Ζ Ι Κ Μ Ν Ο Τ, wato alfa, beta, epsilon, zeta, iyota, kappa, mu, nu, omikron, tau. Huɗu tarko ne, domin ido ya san su amma sautinsu daban: Η eta ce, Ρ ro ce mai sautin r, Χ ana kiranta kai, Υ kuwa upsilon. Sauran goman ka riƙe su da siffa. Δ dala ce, kuma ga d a farkon delta. Λ lamda dala ce marar gindi. Γ gamma kamar ƙugiya, Π kamar ƙofa, Θ teta ƙwai mai ɗamara, Φ da'ira da sanda ta ratsa, Ψ mashi mai baki uku, Ξ layi uku a kwance, Ω omega takalmin doki. Σ sigma ce mai sautin s, duk da masu zanen talla kan sa ta a gurbin E.

Wurin furuci ne ake yin tuntuɓe. Amurkawa kan ce pai ga Π, fai ga Φ, sai ga Ψ. Bakin da ya saba haɗa p da f zai iya kiran Pi Kappa Phi da Phi Kappa Psi kusan iri ɗaya, alhali ƙungiyoyi biyu ne daban. Ka rufe leɓe sosai a Π. Akwai kuma togiya: 'yan Alpha Phi suna cewa alfa fi.

Haruffan yawanci farkon kalmomin wani take ne da ba a faɗa wa kowa sai mamba. Na Phi Beta Kappa, wadda aka kafa ranar 5 ga Disamba 1776 a Kwalejin William and Mary ta jihar Virginia, a bayyane yake: Philosophia Biou Kybernetes, wato son hikima ne matuƙin rayuwa. Idan ka ga ƙarin harafi bayan sunan, sunan reshe ne. A ƙungiyoyi da yawa reshen farko Alfa ne, na biyu Beta, har a ƙare jeri a koma haɗa biyu-biyu. Wasu, irin su Alpha Phi Alpha, sun keɓe reshen Omega ga mambobin da suka rasu.

Mataki na gaba, gano wace iri ce, tunda haruffa ba sa faɗa. Akwai na karramawa, kamar Phi Beta Kappa ta yau, waɗanda gayyata ake yi saboda maki. Idan wasiƙa ta zo maka ta imel tana yabonka tana neman kuɗin rajista, ka tambayi ofishin shugaban tsangayarku ko jami'ar ta san da ita kafin ka biya. Akwai na sana'a, na masu karatun kasuwanci ko injiniya. Sai na zumunta, masu gidaje da bukukuwa, waɗanda suka faro da Kappa Alpha Society a Kwalejin Union ta jihar New York a 1825. Na mata sun biyo baya, Kappa Alpha Theta a 1870, kuma 26 daga cikinsu suna ƙarƙashin majalisarsu ta National Panhellenic Conference. Baƙaƙen fata, da aka rufe wa ƙofa a wancan zamani, sun kafa nasu: Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell a 1906, wadda Martin Luther King ya shiga, da Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard a 1908, ta su Kamala Harris. Tara ne a majalisarsu ta National Pan-Hellenic Council. Ɗalibai Musulmi ma sun kafa Alpha Lambda Mu a Jami'ar Texas ta Dallas a 2013.

Hanyar shiga ta bambanta. Na maza kan buɗe gidajensu na kwanaki, a ci abinci a yi hira, wanda suka so su miƙa masa takardar gayyata. Na mata sun fi tsari: zagaye-zagaye ne, kowace rana ke kina tace gidaje su ma suna tace ki. A zagayen ƙarshe za a ba ki takardar yarjejeniya. Karanta ta da kyau, domin idan kin sa hannu aka ba ki gida daga cikin waɗanda kika lissafa sannan kika ƙi, sai kin jira babban ɗauka na gaba. Idan kuma aka rantsar da ke a ɗaya, ba za ki taɓa shiga wata daga cikin 26 ɗin ba. Kada ki rubuta gidan da ba ki so don cike gurbi. Su kuwa ƙungiyoyi taran nan na baƙaƙen fata ba su cika ɗaukar ɗalibin zangon farko ba, suna duba maki da hidimar al'umma, kuma ba sa son mai yayata niyyarsa.

Kafin ka amsa gayyata, nemi lissafin kuɗi a rubuce, da dala, na shekara guda cif: kuɗin sabon shiga, na rantsarwa, na zango, na uwar ƙungiya, na ɗaki da abinci, da tarar rashin halartar taro. Tambayi ko dole ne zama a gidan, kuma shekara nawa. 

Sai batun gwale-gwale, wato azabtar da sababbin shiga da duka, hana barci ko tilasta shan giya. Ya kashe ɗalibai, yawanci ta hanyar giyar da aka ɗura cikin ɗan lokaci aka bar mutum ya kwanta wai ya huce. Mafi yawan jihohi sun haramta shi, kuma dokar tarayya da aka sa wa hannu a Disamba 2024 ta wajabta wa jami'o'i wallafa sunayen ƙungiyoyin da aka samu da laifin. Nemi wannan rahoto a shafin jami'arku, ka kuma tabbata reshen yana da rajista, domin wasu da aka kora kan ci gaba a ɓoye da haruffansu. Idan aka karɓe maka waya, ko aka ce kada ka faɗa wa kowa abin da ake yi maka, ka fita. Idan wani ya sha har ba ya farkawa, a kwantar da shi a gefensa a kira lambar gaggawa 911 nan take. Jami'o'i da yawa ba sa hukunta wanda ya kira.

Ɗalibin da ya je da bizar karatu ta F-1 yana da ƙarin nauyi. Shekarun shan giya a Amurka 21 ne, kuma bizarka ta dogara da cikakken karatu, aƙalla kiredit 12 a zango ga mai digirin farko. Dakatarwa daga jami'a na iya kawo ƙarshen izinin zamanka, don haka ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje da takardun ƙungiyar kafin ka sa hannu.