Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kan Fusulina

Ɗalibanmu na Katsina da ke karatun ilimin duwatsu sukan sha wuya idan aka kai kan Fusulina, kuma kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe. Da yawa suna rubuta ta a sahun dodon koɗi don kawai tana da ƙwanso mai naɗi. Ba dabba ba ce. Halitta ce mai ƙwaya ɗaya tal daga cikin foraminifera, wato ƙananan halittun ruwa masu ƙwanso mai ɗakuna, ta rayu a teku mai ɗumi marar zurfi fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, girmanta kamar ƙwayar alkama.

Wasu kuma duk abin da ya yi wannan siffa sai su ce Fusulina ne. Fusulina jinsi ɗaya ne, wanda Fischer de Waldheim ya raɗa wa suna a 1829 daga duwatsun kusa da Mosko. Babban gidan shi ne Fusulinida, a ciki akwai Fusulinella da Schwagerina da Triticites, kuma gidan ya ƙare baki ɗaya a ƙarshen zamanin Famiyan, shekara miliyan 252 baya.

Inda aikin yake shi ne yanka. Daga waje duk kamarsu ɗaya, sai an yi siririn yanka an duba a maikuroskof. Yankan ya bi tsawon ƙwanson, ya ratsa ɗakin farko da ke tsakiya. In ba ka ga wannan ɗan zagayen ɗaki ba, yankanka ya karkace, kuma duk awon da ka yi a kai aikin banza ne, gara ka sake. In ya fita daidai, fara da bango. Na Fusulina hawa huɗu ne: siririn layi baƙi da ake kira tektum, ƙarƙashinsa layi mai haske, diyafanoteka, sai shafe biyu, ciki da waje. In kuwa ka ga tektum da wani kauri mai ramuka jere a ƙarƙashinsa, wato keriyoteka, ka shiga gidan su Schwagerina. Daga nan ka duba katangun da suka raba ɗakuna. A Fusulina sun yi lanƙwashe-lanƙwashe tun daga wannan baki har wancan. A Fusulinella tsakiyarsu a miƙe take, sai can gefe suke lanƙwasa, ga kuma wasu tuddai masu kauri da ake kira komata a gefen ramin da ya ratsa tsakiyar katangun. A ganina wannan bambanci shi ya fi cin makin ɗalibai, domin bangon jinsunan biyu iri ɗaya ne.

Alveolina ma tana ruɗa mutane da siffarta, amma ba dangi ba ne. Bangonta irin na tangaran ne, gidanta Miliolida, kuma ta bayyana ne bayan Fusulina ta daɗe da shuɗewa.

Kada kuma ka wahalar da kanka da guduma a duwatsun Dutsin-Ma ko Funtuwa. Giranit ne, daga narkakken dutse ya daskare, ba ya riƙe burbushin halitta. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina a Sakkwato, wanda ake yin siminti da shi, yana da foraminifera, amma na zamanin Faliyosin ne, wajen shekara miliyan 60. Duk wanda ya rubuta Fusulina a kan samfurin Kalambaina, malami ba ya buƙatar duba yankan kafin ya ja masa jan biro.