Yadda ake haɗa maki a gasar tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska

Ana ta tambaya kan lissafin makin gasa mai tsere da yawa. Ga tsarin da ke cikin dokokin World Sailing, hukumar wannan wasa ta duniya, inda mai ƙarancin maki ke cin gasa.

1. Ka rubuta yawan jiragen da suka yi rajista.
2. Bayan kowane tsere, ka ba na ɗaya maki 1, na biyu 2, haka har na ƙarshe.
3. Jirgin da bai tashi ba, ko bai ƙarasa ba, ko aka kore shi, ka ba shi yawan masu rajista da ƙarin 1. In 12 ne, 13 ke nan.

A kula: yawan masu rajista ake ƙirgawa, ba waɗanda suka fito ranar ba. Nan aka fi yin kuskure.

4. Ka cire wa kowa makinsa mafi muni, sai in takardar gasar ta ce wani abu dabam. Akwai korar da ba a cire makinta, ka duba hukuncin alƙalai.
5. Ka haɗa sauran.
6. In biyu sun yi kunnen doki, ka jera makinsu na kowane tsere daga mafi kyau, ban da wanda aka cire. Wanda ya fi a wurin da suka fara bambanta shi ne gaba.
7. In har yanzu daidai suke, tseren ƙarshe ne zai raba gardama, ko da an cire makinsa.