Babi na 6: Gyaran Magana ta Jawwal Bayan Jalɗa

Darasi na 1: Me ya sami bakin Baba?

Iyayena da yayyena, a ajinmu na bayan La'asar a nan Shara Mansur a Makka, da wuya a rasa mai majinyaci a gida. Abin da mutanen Makka ke kira jalɗa, shi ne a ƙasar Hausa ake ce wa shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ce ke toshewa, ko ta fashe, a cikin ƙwaƙwalwa. Ga yawancin mutane, ma'ajiyar magana tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, kuma wannan ɓarin ne ke juya hannun dama da ƙafar dama. Shi ya sa wanda damarsa ta shanye sau da yawa maganarsa ma take tafiya. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu jalɗa yana samun wannan.

Baba bai zare ba, ba kuma jifa aka yi masa ba. Hankalinsa na nan, kalmar ce ta ɓuya. Za ku ji ya karanta Fatiha tas, amma ya kasa cewa "ruwa". Kada ku ce da gangan yake yi. Abin da baki ya saba da shi tun yarinta yakan fito da kansa, kuma daga nan mai gyaran magana yakan fara aikinsa.

A asibitocin nan, sashensu sunansa tahaɗub. Suna duba mai jalɗa, da mai i'ina, da mai ciwon karkarwa da muryarsa ta dushe. Yanzu ana iya ganinsu ta jawwal, wato wayar hannu. Ba sai an sauko da dattijo daga bene na uku an nemi tasi cikin zafin Makka ba. Tun 2022 Ma'aikatar Lafiya ta buɗe asibitin intanet mai suna Seha a Riyad. Ana neman mau'idi, wato ranar da za a gan shi, ta manhajar Sehhaty, ko ta asibitin da ke duba shi. In kun ruɗe, ku kira 937 ku tambaya.

Darasi na 2: Zama

Ku zaunar da Baba fuskarsa na kallon haske. Taga ta kasance a gabansa. In tana bayansa, inuwa kawai za a gani, alhali leɓe da harshe ake son kallo. Kada ku riƙe jawwal a hannu, hannu na rawa. Ku jingina shi da butar shayi daidai fuskarsa. A kashe talabijin, a rage ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kai yara tsakar gida.

Za a aiko muku da saƙo. A ciki akwai rubutu mai launin shuɗi, shi ne rabiɗ. Ba sai kun karanta shi ba. Ku taɓa shi sau ɗaya, ku jira.

Darasi na 3: Makirufo

A nan kowa ke faɗuwa, don haka mu tafi a hankali.

Idan fuskar mai gyaran magana ta bayyana, ku dubi ƙasan gilashin jawwal. Akwai ɗan zane mai kama da abin da ladan ke riƙewa a bakinsa. Shi ne makirufo. In ba ku gan shi ba, ku taɓa tsakiyar gilashin, zai fito.

Ku dube shi da kyau. Akwai layi da ya gitta a kansa? In akwai layi, a rufe yake, ba a jin ku. Ku taɓa shi sau ɗaya. Layin ya tafi? To an buɗe.

Sau ɗaya na ce. Taɓawa ta farko buɗewa ce, ta biyu rufewa. Wanda ya taɓa sau biyu ya koma inda ya fara. Kada ku ji kunya, ni ma haka na yi ta yi da farko.

Mu sake. Da layi, a rufe. Babu layi, a buɗe. Ku faɗa da baki: da layi, a rufe.

Yanzu ku yi sallama. In an amsa, ana jin ku. In kun ga ana nuna kunne ana girgiza kai, ku koma ku dubi layin. Ɗaga murya ba ya buɗe makirufo.

Haba jama'a! Makon jiya sau huɗu muka gwada wannan a aji, amma wata Hajiya ta dawo tana ce mini asibiti ne ba su da sauti. Mijinta ya yi ta fama har ya fitar da sunan jikarsa, karo na farko tun da ya kwanta, babu wanda ya ji a can, saboda layi ɗaya da ba a duba ba. Ku dubi layin kafin sallama. In kira ya shigo ya katse ku, ku sake dubawa.

Darasi na 4: Ku kama bakinku

In an nuna wa Baba hoton kofi aka ce mene ne wannan, ba ku aka tambaya ba. Ku ƙirga 10 a zuci, kada ku amsa masa. Wannan lalube da yake yi shi ne maganin. Tun ranar farko ku faɗa cewa Hausa ce yaren nononsa, Larabci daga baya ya koya, ko akasin haka.

Darasi na 5: Aikin gida

Kalmomin da aka ba ku, a maimaita su kullum, kaɗan kaɗan. In ya gaji a bari.

Darasi na 6: Abin da jawwal ba ya yi

In yana ƙwarewa da ruwa ko abinci, a kai shi a duba shi ido da ido. In baki ya sake karkacewa farat ɗaya, ku kira motar asibiti, 997.